Murmushin Gefe Ɗaya

Zauren gaba ɗaya ya kece da dariya, wasu har da buga ƙafa, amma Auta ba abin da take ji sai hannun Umma da ya yi sanyi ƙalau cikin nata.

A kan dandamali Ɗan Gobe ne riƙe da makirufo, sanye da farar rigar da ita ta zaɓa masa. Saurayinta ke nan, wanda ta shafe wata huɗu tana roƙon Umma ta zo ta gani da idonta, ta yarda cewa wasan barkwanci ma sana'a ce.

"Wallahi gaskiya nake faɗa muku!" ya ce yana ɗaga hannu. "Mutumin nan ya dubi matarsa ya ce, 'Ƙwan fitilar falo ya mutu, bari in je bakin titi in sayo.' Silifas ne a ƙafarsa. Jama'a... shekara goma sha bakwai ke nan!"

Dariya ta sake tashi.

"Ita kuwa matar, har yau ba ta sa wani ƙwan ba! In yara suka ce a saya, sai ta ce, 'A'a, kar a yi biyu, ai ya tafi sayowa!'"

Auta ta runtse ido.

Labarin babanta ne.

Labarin da ba ta taɓa ba kowa ba a duniya sai shi, ranar ma tana kuka, yana share mata hawaye da hannun rigarsa.

"Ku tsaya, bai ƙare ba! Ran nan da yamma sai ga sallama. Ta buɗe ƙofa, ga shi tsaye, gemu fari fat, ƙwan fitila a hannu. Ya ce, 'Yi haƙuri... layi na tarar!'"

Tafi ya ɓarke kamar rufin zai sauko. Shi kuwa sai ya waigo wajen da suke zaune yana murmushi, irin murmushin wanda ya kawo tsaraba yana jiran a gode masa.

Umma ta zare hannunta a hankali, ta gyara mayafi.

"Tashi mu tafi, Auta."

"Umma..."

"Na ce tashi. Na ga sana'ar."

*

Shekara biyu da suka wuce suka haɗu a ofishin wata jaridar mako-mako. Ita ke zana hoton barkwancin shafin baya, shi kuma aka ɗauko shi ya riƙa rubuta maganar da za a sa a ƙasan zanen, don Edita ya ce zanenta yana sa mutane su ajiye jarida su yi tagumi.

Ranar farko ta miƙa masa zanen wani tsoho zaune a ɗakinsa, ruwan sama yana zuba ta rufi, katifa na iyo. Ya duba, ya ciji biro, ya rubuta a ƙasa: "To madalla, yau dai ba zuwa ɗiban ruwa."

Ta harare shi.

"Ka ɓata min zane."

"Na cece shi dai. Ke kin bar bawan Allah yana nutsewa."

"Ai nutsewar yake yi. Mutane suna dariya ne in sun ga gaskiyar da suka sani, ba in an shafa musu kai ba."

"Gaskiyar ai da ita suka kwana, da ita suka tashi. Abin da suke nema wajenmu ɗan abin da zai kai su gobe ne."

Gobe, gobe, kullum gobe. In mota ta lalace, gobe za ta tashi. In an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, gobe za a kawo. Daga nan 'yan ofis suka laƙaba masa Ɗan Gobe, sunan ya bi shi har kan dandamali. Shi kuma ya sa mata Gajimare, wai ko rana ta take, fuskarta hadari take haɗawa.

Faɗan nasu ne ya ɗaukaka shafin. Ta zana masifa, ya liƙa mata fata nagari a ƙasa, masu karatu su rasa ko su yi dariya ko su yi tsaki, sai su yi duka biyun. Ba ta san ranar da ta fara jiran ƙarar takalminsa a matakala ba. Ta dai wayi gari ta ga duk namijin da ta zana yana fitowa da kunnuwansa.

"Gajimarena," yakan ce, "ranar da zan sa ki dariya har haƙoranki su fito, ranar zan yi ritaya."

"To ka shirya aiki har tsufa."

"Tare da ke? Na sa hannu!"

Tebur na uku a ɗakin na Mai Launi ne, wadda ke saka wa zanen launi a kwamfuta kafin a kai wajen bugu. Kyakkyawa, mai fara'a, ba ta raina abin dariya in dai daga bakin Ɗan Gobe ya fito. Ƙawar ƙanwarsa ce, gidansu kamar gidansu take shiga. Auta ta lura da irin kallon da take masa, amma ba ta taɓa cewa komai ba. Ta saba ganin abu tun daga nesa ta yi shiru tana jiran ya iso.

*

A bakin ƙofar zauren Ɗan Gobe ya cim musu, yana haki, gumi na bin wuyansa.

"Umma, barka da yamma! Ya kuka ga wasan? Na ƙarshen nan domin ku na..."

Umma ba ta dube shi ba. Ta wuce ta shiga tasi ta rufe ƙofa.

Murmushin ya ɗan tsaya a fuskarsa.

"Gajimare, lafiya?"

"Lafiya kake tambayata?"

"Ban faɗi suna ba fa. Ba wanda ya san ku ne."

"Ita ta sani!"

"To ai shi ya sa! Ki saurare ni, masoyiyata... shekara goma sha bakwai tana jiran a buɗe ƙofar nan. Ni na buɗe mata. Na dawo mata da shi, ko da na minti ɗaya ne, mutum ɗari uku suna tafi. Ba ki ga kyautar da ke ciki ba?"

Auta ta girgiza kai.

"Bai dawo ba."

"A labarin..."

"Bai dawo ba! Yanzu gida za mu je, falon nan da duhunsa za mu tarar. Kai ka sha tafi, mu mu koma mu zauna a ciki."

"Haba, kin cika ɗaukar abu da zafi. Da na gwada shi a ofis, Mai Launi har hawaye ta yi don dariya. Ita ce ma ta ce in ajiye shi sai ranar da Umma za ta zo, zai fi ratsa ta."

"A ofis? Ita ma ka ba ta labarin babana?"

Ya sosa ƙeya.

"Za ta huce, Gajimare. Ki ba ta kwana biyu, wallahi da kanta za ta riƙa ba da labarin tana dariya."

Ta daɗe tana kallonsa. Ba ƙarya yake yi ba, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Har cikin zuciyarsa ya yarda da abin da yake faɗa.

*

Umma ba ta huce ba. Washegari jininta ya hau, sai da aka kai ta asibiti aka ƙara mata ruwa. Yaya, babbar yayar Auta, ta baro gidan mijinta ta zo da ƙaramar jaka da babban baki.

"Na faɗa miki tun farko! Mutumin da abincinsa ba'a, wa zai bari? Yau Umma, gobe ke. Ranar da kika haihu ma sai ya hau dandamali ya kwaikwayi naƙudarki!"

"Yaya, ba da mugunta ya yi ba."

"Au, kare shi kike yi? Kin ga Umma kwance kina kare shi?"

Daga kan gado Umma ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa, idonta a bango.

"Ba dariyar mutane ce ta dame ni ba, Auta. Da ya ce an yi sallama... wallahi sai da gabana ya faɗi. Na ɗauka zai faɗi inda yake."

Ta juya musu baya.

"Kar ya sake tako min gida."

Ranar Laraba Auta ta leƙa ofis don ta gama zanen mako. Ɗan Gobe ba ya nan, sai wata takarda da ya bari a kan teburinta: ya zana gajimare, rana na leƙowa ta bayansa tana gwalo. A ƙasa ya rubuta, "Hasashen yanayi: za a washe kafin Juma'a."

Ta dunƙule takardar.

Ta gama zanen da ya kamata, na wasu fasinjoji da ke tura motar da suka hau, ta ajiye a aljihun tebur na sama. Amma ranta bai huce ba. Ta jawo wata farar takarda.

Sau uku ta taɓa zuwa gidansu Ɗan Gobe. Ta san babansa, tsohon mai gyaran agogo, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar shekara uku da suka wuce. Ciwon ya ja bakinsa gefe ɗaya, ya bar shi kamar kullum murmushi yake. Mutum ne mai kirki. In ta gaishe shi yakan ɗaga hannun hagu da ƙyar ya nuna mata kujera.

Shi ta zana.

Ta zana shi a keken guragu, da hular ulun da ba ya rabuwa da ita, da tabon da ke girarsa, da bakin nan a karkace, yawu na zuba. A gefensa ta tsayar da ɗansa riƙe da makirufo, kunnuwa a baje, yana nuna shi ga 'yan kallo. Wannan karon ba ta bar wa kowa wurin rubutu ba, da hannunta ta rubuta:

"Kun gani? Har Baba dariya yake yi!"

Minti ashirin ta yi ta gama. Ba ta taɓa zanen da ya fito haka ba. Ta kalle shi, ta ji sanyi a ranta, daga baya kuma kunya ta rufe ta. Ta so ta yaga, sai wayarta ta yi ƙara, Yaya ce, wai likita na nemansu. Ta tura shi aljihun tebur na ƙasa ta fita da sauri.

Ba ta lura Mai Launi ta daina danna kwamfuta tun ɗazu ba.

Ranar Alhamis, ranar da ake rufe shafi, Auta na asibiti. Ta kira ofis.

"Don Allah ki ɗauki zanen a teburina, aljihun sama. Ki ba Ɗan Gobe ya sa magana."

"Kar ki damu, 'yar'uwa," in ji Mai Launi da muryar nan tata mai zaƙi. "Ki kula da Umma kawai. Allah ya ba ta lafiya."

*

Ranar Asabar da safe aka sallami Umma. Auta ta fito neman tasi, ta tsaya wajen mai jarida a bakin asibitin, ta juya shafin baya kamar yadda ta saba.

Ta tsaya cak.

Ga shi nan, rabin shafi. An saka masa launi da kyau, da natsuwa. Hular ta fito ruwan toka kamar ta gaske. Har yawun an sa masa ƙyalli.

A ƙasa, sa hannunta.

"Innalillahi..." kawai take maimaitawa, har mai jaridar ya miƙo mata benci.

Ta kira Ɗan Gobe sau tara, bai ɗauka ba. Ta kai Umma gida, ko mayafi ba ta canza ba ta wuce ofis.

Edita ta fara cin karo da shi a matakala, bakinsa har kunne.

"Ga ta nan! Ke, kin san tun ƙarfe goma jarida ta ƙare a kasuwa? Waya sai shigowa take, rabi suna zagi, rabi suna yabo. Irin wannan nake so! Ashe da can yaron nan ne yake danne ki."

Ta wuce shi ta faɗa ɗakinsu. Mai Launi na zaune tana shan shayi.

"Aljihun sama na ce miki!"

"Sama?" Ta zaro ido, ta dafe ƙirji. "Wayyo Allah, ƙasa na ji! Layin ne ba kyau. Kuma na ga har magana kin sa, na ce to wannan ne kika gama."

"Kin san waye a ciki. Kin fi ni sanin gidan."

"Na sani mana. Ni ma sai da na yi mamaki." Ta kurɓi shayi, ta ajiye kofin a hankali. "Amma ni launi kawai nake sakawa, 'yar'uwa. Ba ni na zana ba."

Auta ta juya ta fita.

Gaskiya ce. Ba Mai Launi ce ta zana ba.

*

Kwana uku tana kiransa, wayar a kashe. A na huɗu ta shirya da la'asar ta nufi gidansu. Yaya ta tare ta a ƙofa.

"Ina za ki? Shi ya fara, ke kika rama, an yi daidai. Ki zauna!"

"Ba shi na rama wa ba, Yaya. Tsohon bai yi min komai ba."

Mahaifiyarsa ce ta buɗe ƙofa. Matar da a da take kiranta "'yata", take cika mata jaka da turare in za ta tafi. Yau ta tsaya a bakin ƙofar ta riƙe ƙyauren da hannu biyu.

"Me kika manta ba ki zana ba? Ni ce? Ga ni, ki kalle ni da kyau."

"Inna, don girman Allah ki bar ni in ba Baba haƙuri."

"Kin san tun ranar Asabar bai yarda an fitar da shi ƙofar gida shan iska ba? Mutumin da duk unguwa ke tsayawa su gaishe shi! Jiya wasu 'yan makaranta suka wuce suna karkata baki. Mun ba ki wurin zama, mun ba ki ruwa, ashe ƙare mana kallo kike yi!"

Daga ciki aka ji ana buga hannun kujera. Sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Inna ta waiwaya, ta yi ƙwafa, ta saki ƙofar.

Tsohon na zaune a falo kusa da taga, labule a sauke. Jaridar na kan cinyarsa, an ninke ta daidai wurin zanen. Ɗan Gobe na tsugune a gefensa da kwano da cokali, bai ɗago ba.

Auta ta durƙusa har gwiwoyinta suka bugi siminti.

"Baba, ku yafe min. Ba don a buga na yi ba. Raina ne ya ɓaci, na... Baba, ba ni da hujja. Ku yafe min."

Tsohon ya daɗe yana kallonta. Sannan ya sa yatsan hagu a kan zanen, ya fara kokawa da harshensa. Maganar ta fito a jajjage, sai da ta kasa kunne.

"Ya... yi... kama."

Ya sake dannawa da yatsa.

"Kin... iya."

Bakin yana nan a yadda ciwo ya bar shi, kamar mai murmushi. Hawaye ne kawai ke gangarowa ta gefen, yana bin karkatar leɓen yana ɗiga a kan takardar.

Da zaginta ya yi, da ta fi samun sauƙi.

Ɗan Gobe ya ajiye kwanon, ya ɗauki tawul ya goge wa babansa fuska a hankali, ya gyara masa hula. Sannan ya miƙe.

"Taso in raka ki."

*

Suka taka har bakin titi. Rana ta yi sanyi, masu shaguna suna yayyafa ruwa a ƙofa. Ta saci kallonsa. Ya rame, gemu ya tsiro masa ba tsari. Tun da ta san shi ba ta taɓa ganin ya yi taku goma bai ce wani abin dariya ba.

"Mai Launi ce ta ɗauka," ta ce. "Na ce mata na sama, ta ɗauki na ƙasa. Da gangan ta yi."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Na gane tun ranar. Ta zo nan da yamma tana kuka, wai ta yi ƙoƙarin hana ki. Na ce ta tafi kar ta dawo." Ya shafa fuska. "Amma tabon girar nan, Gajimare... ni kaina sai da na je na duba. Shekara talatin ina ganin babana ban san a hagu yake ba. Ke zuwa uku kika yi."

"Haushinka nake ji lokacin."

"Na sani. Na cancanta. Abin da na yi wa Umma, sai da na ga babana a shafin nan na gane shi. Kwana huɗu ina neman yadda zan juya wannan ya zama abin dariya, in faɗa masa ya saki rai. Kin san ni, ba abin da ban iya juyawa ba." Ya girgiza kai. "Babu. Na duba ko'ina, babu."

Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Duk rayuwarta ita ce mai cewa ba zai yiwu ba. Yau ta ji bakinta yana faɗin abin da ba nata ba.

"Za su huce. Umma ma ta fara cin abinci, jiya har ta tambayi ko ka kira. Inna tana sona, ka sani, fushi ne kawai. In muka ba su lokaci... wata biyu, wata uku... zan riƙa zuwa kullum, ko ba za a buɗe min ba. Zan bar jaridar in kana so. Za mu gyara, masoyi. Wallahi za mu gyara!"

Ya dube ta, idonsa ya kaɗa.

"Umma ta tambayi ko na kira?"

Ta sunkuyar da kai.

"...A'a."

"Kin gani. Ba ki iya ba ma." Ya ɗan yi wani abu mai kama da dariya, bai kai ba. "In na aure ki, a gidan nan za ki zauna, don ba zan bar shi ba. Kullum da safe ke za ki miƙa masa shayi. Duk ranar da kika ɗaga ido kika kalle shi, zai tuna yadda kike ganinsa. Ni kuma duk ranar da na buɗe baki a gaban Umma, za ta jira ta ji da wa zan yi ba'a. Haka za mu tsufa, kowa yana tsaron bakinsa da idonsa."

"To ya za mu yi?"

"Ba yadda za mu yi."

"Kar ka ce haka! Kai ne fa! Kai ba ka faɗin haka!"

Ya ɗaga hannu ya tsayar da tasi. Ya buɗe mata ƙofar baya, ya riƙe har ta shiga, ya tattara gefen mayafinta da ya fito waje ya sa mata a ciki.

"Ina sonki," ta ce, muryarta na karyewa.

"Ni ma. Ba son ne ya yi ƙaranci ba."

Ya rufe ƙofar.

Ta juya tana kallonsa ta gilashin baya. Bai tsaya ɗaga hannu ba, ya riga ya juya, yana sauri ya koma ya ƙarasa ba tsohon abinci.

*

Bai sake zuwa ofis ba. Ƙanwarsa ce ta zo ta kwashe masa littattafansa cikin kwali, ba ta gaida kowa ba, har da tsohuwar ƙawarta.

Auta ta rubuta takardar barin aiki, ta yi sati tana yawo da ita a jaka. Amma maganin Umma na wata-wata ne, kuma ba wata jaridar da ke neman mai zane. Ta yaga ta. Edita bai ɗauki wani marubucin ba, ya ce ta riƙa sa maganarta da kanta. Shafin ya ƙara farin jini. Har lambar yabo aka ba ta a ƙarshen shekara, ta karɓa, ta kai gida ta tura ƙarƙashin gado.

Bayan wata takwas Yaya ta zo da labari, tana yi tana kallon fuskarta.

"Kin ji mutuminki ya yi aure? Wata ma'aikaciyar jinya, wadda ke zuwa motsa wa babansa jiki. An ce ba ruwanta, ba ta da yawan magana. Wasan ma an ce ya rage, sai na yara yake yi a makarantu."

"Allah ya ba su zaman lafiya," in ji Auta.

Ta tashi ta shiga banɗaki, ta buɗe famfo har ƙarshe don kar Umma ta ji.

Washegari Alhamis ce, ranar rufe shafi. Ta isa ofis da kumburarrun idanu, ta tarar Mai Launi ta riga ta zuwa. Ita ma idonta ja ne, ta shafa hoda ba ta rufe ba. Ashe labarin ya kai mata.

An fitar da teburin Ɗan Gobe da ke tsakiya tuntuni, ba abin da ya raba su sai fili. Suka yi aiki har azahar, kowacce a teburinta. Auta ta gama zanen, ta sa hannu, ta miƙa ba tare da ta ɗago ba.

Mai Launi ta karɓa, ta daɗe tana dubawa.

"Wane launi kike so a sa a bayan?"

"Duk wanda kika ga dama," in ji Auta. Ta jawo wata farar takarda.